Farin ɓawon da ke cinye ribar masu wanke zinariya

Tun daga watan Agusta na 2025, lokacin da gwamnati ta mayar da kamfanin SML mai haƙar zinariya a Samira hannun ƙasa, muhawarar da ake yi a fada-fada da shafukan sada zumunta ta tsaya ne a kan wane ne mai ma'adinin, kuma aljihun wa kuɗin ke shiga. Muhawara ce da ta cancanta. Sai dai ko hannun wa ma'aikata take, akwai wani abokin gaba da ke jiran mai ita a cikin tiyo da famfo da tanki, wanda ba a kawo labarinsa a rediyo. Wani farin ɓawo ne mai tauri da ke taruwa a hankali har ya toshe hanyar ruwa.

Duk mai dafa shayi ya san shi. Shi ne farin abin nan da ke mannewa a gindin buta idan an daɗe ana tafasa ruwan rijiya a cikinta, wanda da Faransanci ake kira tartre ko calcaire. A buta, a jiƙa da ruwan lemun tsami a kankare, magana ta ƙare. A wurin da ake narkar da zinariya da siyanur kuwa, wannan ɓawo na rage yawan zinariyar da ake samu, yana lalata injuna, kuma hanyar da aka fi saurin bi don cire shi na iya kashe mutum a cikin mintoci.

Maganin guba ne ke haifar da shi

Kafin a gane inda ɓawon ke fitowa, sai an san yadda ake raba zinariya da dutse. A manyan ramukan haƙa, tan guda na dutse sau da yawa ba ya ɗauke da fiye da giram 1 zuwa 3 na zinariya, kuma ƙwayoyinta sun yi ƙanƙantar da ido ba ya ganinsu. Don haka ake niƙe dutsen, a jiƙa shi da ruwan da aka sa wa siyanur kaɗan, yawanci giram 100 zuwa 500 a cikin lita 1,000. Siyanur da iskar oksijin su ne ke narkar da zinariyar ta bi ruwa, kamar yadda sukari ke ɓacewa a shayi. An ƙirƙiro wannan dabara a birnin Glasgow a 1887, ta hannun John MacArthur da ƴan'uwa biyu masu suna Forrest, kuma har yau da ita ake samar da mafi yawan zinariyar duniya. Da ita ma'aikatar Samira, da ke jihar Tillaberi kusa da iyakar Burkina Faso, ta fara aiki a 2004.

Matsalar siyanur ita ce ba ya zama lafiya a cikin ruwa sai ruwan na da ƙarfin kanwa. Masana na auna wannan da ma'aunin pH, wanda ya tashi daga 0 zuwa 14: ƙasa da 7 tsami ne, sama da 7 ɓangaren kanwa ne. Idan ma'aunin ya sauko wajen 9.3, kusan rabin siyanur ɗin ya riga ya rikiɗe ya zama wani sinadari da ke tashi a matsayin iska mai guba. Wannan sinadari na tafasa ne a digiri 26 kacal, zafin da a Nijar muke kira sanyi. Ba kowa ke iya jin warinsa ba. Shi ya sa ake riƙe ruwan a tsakanin 10 da 11.

Abu mafi araha da ke yin wannan aiki shi ne farar ƙasa ta ƙonannen dutse, wato chaux. Ana zuba ta daga rabin kilo zuwa kilo da dama a kowane tan na dutse, gwargwadon irin dutsen. Ita ce ke tsare ran ma'aikaci. Ita ce kuma ke cika ruwan da kalsiyom, rabin kayan haɗin ɓawo. Ɗayan rabin, karbonat, yana zuwa ta hanyoyi da yawa: ruwan rijiya ko na kogi na ɗauke da shi a narke, iskar da ake hurawa cikin tankuna na kawo shi, shi kansa siyanur idan ya lalace yana barin sa a baya. A ruwa mai ƙarfin kanwa, da zarar su biyun sun haɗu sai su daskare, domin lita guda ta tsabtataccen ruwa ba ta iya riƙe fiye da miligiram 14 ko makamancin haka na wannan haɗi. Abin da ya yi saura sai ya nemi bangon da zai manne wa.

Akwai kuma ɓawo iri na biyu, jips. Shi yana fitowa ne idan dutsen na ɗauke da ma'adinai masu farar wuta, waɗanda ake ƙara cin karo da su yayin da rami ke zurfi. Farar wutar kan koma sulfat, ta haɗu da kalsiyom. Mutanen Adar sun san jips sarai, don shi ne ake tonowa a yankin Tawa ana kai wa ma'aikatar siminti ta Malbaza. Ruwa na riƙe shi fiye da na farkon, wajen giram 2 a lita, saboda haka ya fi jinkirin fitowa. Amma idan ya fito ya fi taurin kai, asid ba ya cin sa da sauƙi, sau da yawa sai an sa guduma ko ruwa mai tsananin ƙarfi.

Inda asarar take

A ma'aikatun da ke tara dutse tsibi-tsibi a kan shimfiɗar roba suna ɗiga masa ruwan siyanur daga sama, ɓawon na fara kama ƙananan ƙofofin tiyo ne. Tsarin daidai yake da ban-ruwan ɗiga-ɗiga na masu lambu, kuma kowane murabba'in mita na bukatar wajen lita 10 a awa, makonni ko watanni a jere. Ƙofar da ta toshe na nufin wani yanki na tsibin ya bushe. Zinariyar da ke wurin an biya kuɗin haƙo ta, an biya na fasa ta da ɗaukar ta, amma tana nan zaune. Idan aka ɗora sabon tsibi a kai, an yi bankwana da ita.

A ma'aikatu masu tankuna irin na Samira, ciwon ya fi shiga ta wajen gawayi. Bayan zinariya ta narke, ana kama ta ne da wani gawayi na musamman da ake yi da ɓawon kwakwa, ƙwayoyinsa kamar na shinkafa. Giram guda na wannan gawayi na da ƙananan ramuka da idan aka baje faɗinsu zai kai murabba'in mita 1,000. A cikin waɗannan ramuka zinariya ke maƙalewa, har tan guda na gawayi ya ɗauki kilo da dama. Wani abin mamaki, kalsiyom kaɗan na taimaka wa zinariyar ta kama jikin gawayin. Idan ya yi yawa ne yake daskarewa a bakin ramukan ya rufe su. Gawayin sai ya yi nauyi, ya yi fari-fari, ya rage saurin kamawa, narkakkiyar zinariya ta wuce shi ta bi laka zuwa tafkin shara.

A lissafa a gani. Ma'aikatar da ke zubar da lita miliyan 5 na ruwa a rana, idan abin da ke tsere mata ya ƙaru da kashi ɗaya cikin ɗari na miligiram a kowace lita, giram 50 ke nan a kullum. A watan Oktoba na 2025 farashin oza guda, wato giram 31.1, ya haura dalar Amurka 4,000, abin da ya kai giram ɗaya wajen jika 70 na CFA. Giram 50 ya zama miliyan uku da rabi a rana, kuma babu wanda zai ga ɓarawon.

Wuri na uku shi ne inda ake sauke zinariyar daga jikin gawayi. Ana yin haka da ruwa mai zafi, daga digiri 95 har sama da 120 a tsarin da ke aiki da matsi. A nan ne halin wannan ɓawo ya saɓa wa na sukari da gishiri: ƙarin zafi na rage masa narkewa. Dalilin da ya sa gindin buta ya fi bakinta fari ke nan. Farantan da ke ɗumama ruwa su ne ke fara rufewa, injin ya ƙara shan gazuwal, zafin ya ƙi kaiwa, a mayar da gawayi tanki da sauran zinariya a jikinsa. Ban da waɗannan akwai rariyar da ke tsakanin tankuna da fuka-fukan famfo, waɗanda tsayawarsu na tsayar da kowa.

Yanayinmu na ƙara wa abin ƙarfi. A watannin Afrilu da Mayu zafi na kai digiri 45, baƙin tiyon roba da ke kwance a rana ya fi haka nesa. Rana na shanye ruwan tafki ta bar gishirinsa, kuma da yake ruwa na da tsada, ma'aikata na maimaita amfani da shi sau da yawa. Kowane zagaye yana ƙara masa kauri.

Yadda ake tare shi

Masu aikin sun daɗe da gane cewa kankara ita ce hanya mafi tsada. Tarewar kuwa daga ɗakin gwaje-gwaje take farawa. Ana auna kalsiyom, karbonat, sulfat, pH da zafin kowane ruwa da ke shiga ma'aikata, a rani da damina, domin ruwan kogi a Agusta daban yake da na Afrilu. Tun 1936 wani malamin jami'ar Kalifoniya, Wilfred Langelier, ya fitar da lissafin da ke nuna ko ruwa zai ajiye ɓawo ko zai ci ƙarfe. Yau ana yin irin wannan lissafi da kwamfuta. Akwai kuma dabara mai sauƙi da ba ta bukatar lantarki: a rataya ɗan guntun ƙarfe ko raga da aka san nauyinsa a cikin ruwan, bayan mako biyu ko wata a ciro a sake aunawa. Abin da ya ƙaru shi ne labarin abin da ke faruwa a cikin tiyon da ba a gani.

Sai kula da hannu wajen zuba farar ƙasa. Ma'aikaci mai tsoron guba yakan ga gara ta yi yawa da ta yi kaɗan, kuma ba a ga laifinsa ba. Amma wuce 11 ba ya ƙara tsaro sosai, yana ƙara ɓawo, har ma yana rage saurin narkewar zinariya. Abin da ake so shi ne na'urar auna pH da ake wankewa a kai a kai, don ita ma ɓawon na rufe mata baki ta riƙa ba da ƙarya, tare da zubawa kaɗan-kaɗan ba tsayawa maimakon a juye buhu lokaci guda. A tsarin tsibi an fi son a gauraya farar ƙasar da dutsen tun kafin a tara shi, a rage wadda ake sa wa ruwan da zai bi ta ƙananan ƙofofi.

Wurin da injiniyoyi suka fi sa wa ido shi ne mahaɗar ruwa biyu. Sabon ruwa daga rijiyar burtsatse na zuwa da karbonat, tsohon ruwan ma'aikata na zuwa da kalsiyom da ƙarfin kanwa. Kowannensu shi kaɗai zai iya tafiya a tiyo ba matsala. Suna haɗuwa sai ɓawo ya zubo nan take. Idan a bakin famfo aka haɗa su, famfon ne zai sha. Idan a tafki ko babban tanki aka haɗa su, aka ba su lokaci, sai ya kwanta a ƙasa inda bai dami kowa ba. Sauya wurin da tiyo guda ke zuba ruwa kan magance abin da aka shekara ana kashe wa kuɗi. A ganina wannan ne darasin da ya fi dacewa da ƙasa irin tamu, domin ba sai an yi odar komai daga waje ba.

Bayan haka ne ake zuwa ga magungunan hana ɓawo. Iri biyu aka fi sani, dangin fosfonat da dangin poliakrilat, kuma kamfanoni kan gauraya su. Aikinsu na da ban sha'awa. Ba sa cire kalsiyom daga ruwa. Suna mannewa ne a kan ƙwayar ɓawo tun tana jaririya, su hana ta girma, ko su karkata mata siffa ta yadda ba za ta iya kama bango ba, ta tafi da ruwa. Saboda haka kaɗan ake bukata, yawanci giram 2 zuwa 10 a lita 1,000. Ma'aikatar nan mai lita miliyan 5, idan tana sa giram 5, kilo 25 za ta sha a rana.

Sai dai suna da sharuɗɗa. Dole a zuba su kafin wurin da ɓawon ke farawa, kuma a cikin ruwa mai tsabta, don laka na shanye su. Dole famfon da ke ɗiga su ya yi aiki dare da rana, domin ƴan awoyi na tsayawa sun isa ɓawo ya kafa tushe, kuma ɓawo a kan ɓawo ya fi saurin hawa. Waɗannan magunguna jinkirta daskarewa suke yi, ba sa narkar da wanda ya riga ya kama. Wasunsu kuma na iya mannewa a jikin gawayi su rage masa ƙarfi, shi ya sa ake gwada kowanne da ruwa da gawayin ma'aikatar kafin a saya da yawa. Maganin da ya yi aiki a Tarkwa ta Ghana, inda ruwan sama ke da yawa, ba lallai ya yi a Liptako ba. Ga kuma batun hanya: tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023, kaya na zagayowa ne ta Lome da Burkina Faso, kuma wanda bai yi tanadin watanni ba zai wayi gari da famfo babu abin ɗigawa.

A sashen ruwan zafi, yawancin ma'aikatu kan kauce wa farar ƙasa gaba ɗaya. Suna amfani da soda irin ta masu sabulu, wadda ba ta da kalsiyom, tare da ruwan da aka tace. Ta fi tsada, shi ya sa ba a yi da ita a dukan ma'aikata. A kan tsibi kuma, binne tiyo a ƙarƙashin ɗan dutse na rage zafi da ƙafewar ruwa, sannan ana buɗe ƙarshen kowane layi lokaci-lokaci a kore abin da ya taru.

Ranar wanki

Duk iya tarewa, gawayi sai ya ɗauki ɓawo, don haka wanke shi na cikin tsarin aiki. Ana jiƙa shi a ruwan asid na hidrokolorik mai ƙarfin kashi 3 cikin 100 ko kusa da haka, ɓawon ya yi kumfa ya narke. Daga baya, bayan an sauke zinariyar, ana gasa gawayin a tanda mai zafin digiri 700 don ƙone mai da sauran datti. Gawayin da aka kai tanda da kalsiyom a jiki ya fi saurin ƙonewa da rugurgujewa.

Nan ne haɗarin yake. Asid da siyanur ba sa ga maciji. Duk inda suka haɗu, iskar guba ce ke tashi, da yawa kuma da sauri. Saboda haka ake ɗauraye gawayi da ruwa kafin asid, a sake ɗauraye shi a kashe tsamin da soda kafin ya koma kusa da siyanur, a raba magudanun biyu, a rataya na'urar da ke ƙara idan iskar ta tashi. Dokokin sa-kai na duniya kan amfani da siyanur, waɗanda aka tsara bayan fashewar tafkin Baia Mare a Romaniya a watan Janairun 2000, sun nemi a ajiye siyanur nesa da asid tun daga ɗakin ajiya.

Manyan kamfanoni na da masu lura da wannan. Damuwar ta fi yawa a wuraren ƴan gargajiya, waɗanda su ne ke fitar da mafi yawan zinariyar Nijar. Daga Komabangu, inda aka shafe shekaru da dama ana haƙa, zuwa wuraren wanki na jihar Agadez da suka bunƙasa bayan gano zinariyar Jado da Cibarakaten a 2014, amfani da siyanur ya yaɗu. Ana gina kwatami da siminti ko a shimfiɗa tamfol, a zuba ragowar ƙasar da aka riga aka wanke, a jiƙa ta, ruwan ya bi ta tiyo mai cike da yankakken tutiya ko gawayi. Sinadaran iri ɗaya ne da na Samira, don haka ɓawon ma iri ɗaya ne. Sabon siminti ma na ƙara wa ruwan kalsiyom. Tutiyar da ɓawo ya lulluɓe ba ta kama zinariya, mai kwatami ya yi ta zargin dutse ko mai sayar da siyanur.

Gyara biyu ne ke saurin zuwa wa mutum a rai, dukansu kuma gudun gara ne a faɗa wa zago. Na farko a rage farar ƙasa ko a daina sa ta. Toshewa za ta ragu, amma siyanur ɗin da aka saya da tsada zai riƙa tashi sama, ta gaban hancin yaron da ke tsugune a bakin kwatami. Na biyu a ɗauko ruwan batir, wanda dama yana wurin don narkar da tutiya, a zuba a tiyon da ya toshe. Idan da sauran ruwan siyanur a ciki, guba ce kai tsaye. Ko babu, ruwan batir asid ne na farar wuta, haɗuwarsa da kalsiyom jips take haifarwa, wato an musanya ɓawo mai sauƙi da mai wuya. A kan wannan akwai zaiba: ƙasar da aka taɓa wankewa da ita, idan aka sa mata siyanur, zaibar na narkewa ta bi ruwa. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda Nijar ta amince da ita, ta sa wannan a jerin ayyukan da ya kamata a kawar.

Abin da mai ƙaramin jari zai iya yi bai fi ƙarfinsa ba. Takardar auna pH, wadda ke sauya launi idan an tsoma ta, ba ta da tsada, kuma ita ce bambanci tsakanin aiki da ido da aiki da sani. Ya jiƙa farar ƙasa a tanki daban, ya bari ta kwanta. Ya haɗa sabon ruwa da tsoho a rami guda ya ba su kwana kafin su shiga tiyo, ya tace da ƙyalle ko yashi, ya yi wa tiyon inuwa. Tiyon roba da ya toshe, sayen sabo ya fi wanke shi da asid araha.

Ga matasan da ke karatu a EMIG ta Yamai ko makarantar ma'adinai ta Agadez, da ƴan uwanmu da ke aiki a ma'aikatun Ghana, Burkina Faso, Mali da Sudan, nan akwai gurbin sana'a. A manyan ma'aikatu, kamfanonin da ke sayar da maganin hana ɓawo kan turo nasu ma'aikacin ya ɗebi ruwa, ya auna, ya daidaita famfo, ya rubuta rahoto. Kayan aikinsa na yau da kullum na shiga jaka guda: na'urar pH, kwalaben gwajin kalsiyom da karbonat, ƙaramin sikeli da guntayen ƙarfen ratayawa. Ɗaruruwan kwatamai da ke tsakanin Tera da Arlit na bukatar irin wannan awo, kuma mai kwatamin da aka nuna masa giram nawa yake zubarwa a mako ba zai yi gardamar kuɗin aiki ba.